An Ƙara wa Ummi Wata Takwas

Lahadi da dare, Rikkos

Gobe jikata Ummi za ta fara makarantar nazare. Hukuma ta ce sai shekara uku, ita kuwa biyu da wata huɗu gare ta. Ubanta ya je kotu ya rantse ta cika uku, ya cike sauran da biro.

Ya ce mini, "Mama, kowa haka yake yi."

Na ce, "Ranar da jita-jitar rikici ta taso daga kasuwar Terminus, aka buɗe ƙofar makaranta yara suka watse, alƙalin ne zai riƙe mata hannu?"

Ɗazu na tambaye ta, "Ummi, ina gidanku?" Sai ta yi dariya ta nuna sama.

Na rubuta lambar wayata a ƙyalle, na ɗinke cikin rigarta. Sau uku allura tana soke ni.