Mama, Ɗoɗɗoyarki Ta Fara Fure

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Saratu,

Ina miƙa miki gaisuwar girma cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, wanda kike hutawa a wurinsa. 'Yarki ce Rifkatu, daga Kakuri. Ba zan tambaye ki lafiya ba, don na san inda kike babu ciwo. Mu ne a nan ba mu da ita. Na rasa wanda zan faɗa wa maganar nan ya gane, shi ya sa na kawo miki, ko da jama'a za su karanta.

Maganar Baba ce.

Ba a daɗe da binne ki ba ya yanke jiki ya faɗi a gonar citta. Hannun dama da ƙafar dama suka shanye, harshe ya yi nauyi. Da aka sallame shi daga asibiti na kawo shi ɗakina. Kin san ɗakin, amma ba yadda kika bar shi yake ba. Maƙwabci ya gina bene a bayanmu, bangonsa ya toshe tagar gaba ɗaya. Yanzu ko da tsakar rana sai da fitila ake ganin allura.

A nan na kwantar da mutumin da tunda aka haife shi rana ba ta taɓa fitowa ta same shi a ɗaki ba. Ya juya fuska bango. Na dafa, ya rufe baki. Matan zumuntar coci suka zo addu'a, ya rufe ido har suka tafi. Na roƙe shi ya bari a fitar da shi ƙofar gida ya sha iska, abin da ya iya furtawa shi ne ba zai yarda a ɗauke shi kamar buhu mutane suna kallo ba. Kullum zan tafi shagon ɗinki da safe, in dawo da rana in same shi yadda na bar shi.

Wata Asabar na buɗe jakar zannuwanki don in raba wa 'yan'uwanki. A bakin zanen nan mai ruwan ƙasa na ji ƙulli. Na kwance, sai ga iri baƙi ƙanana, da ɗan busasshen ganye. Na murza a tafin hannu, ƙamshi ya tashi. Mama, Baba ya juyo. Ya shaƙa, ya sake shaƙa, ya ce, "Ta Saratu ce."

Ɗoɗɗoyarki ce ta bayan madafa, mai jan kara, wadda kika ce kin karɓo daga hannun Kaka. Na san akwai masu karanta wannan da za su ce ai ɗoɗɗoya tana nan tuli a kasuwa. Akwai. Na sha saya. Bai taɓa juyowa don ita ba.

Na je wurin Malam Isa, mai gyaran wuta da ke jikin shagona, na ce ina son in yi shuka a ɗakin da babu rana. Ya yi dariya ya ce, "Gona a ɗaki, Rifkatu?" Da na faɗa masa dalili sai ya daina dariya. Ya zo ya kafa katako kusa da gadon Baba, ya ɗaura dogayen ƙwayayen fitila masu farin haske a ƙarƙashinsa, ya haɗa su da wani tsohon batir don in an ɗauke wuta. Ni kuma na tara gwangwanayen madara da robar fenti, na ɗebo ƙasa a bakin rafi na cakuɗa da taki.

Shukar farko ta ba ni kunya. Sun tsiro, suka yi tsawo sirara kamar zare, farare fat, suka kwanta suka mutu. Ina tsugune ina kallonsu na ji muryar Baba a bayana: "Fitila ta yi nisa. Rana suke nema." Na sauko da katakon. Ya ce in huda gindin gwangwanayen. Ya ce kada in sake zuba ruwa sai na tsoma yatsa na ji ƙasa ta bushe. Ya ce da yamma in kashe fitilar, shuka ma tana barci. Ranar da na manta na cika wa ɗaya ruwa, ya yi mini faɗa irin na da, har da kiran sunana duka. Na fita waje na yi kuka, amma kukan daɗi ne.

Da ma kin ga watannin nan. Ya yarda na jingina shi da filo. Da hannun hagu yake juya gwangwanaye don kowane ɓangare ya sami haske. Na ƙara na'a-na'a da alayyafo. Yana duba bayan kowane ganye, yana gunaguni, wani lokaci yana yi musu waƙar girbi da yarenmu. Ranar da muka tsinki ganyen farko na yi faten acca na barbaɗa a kai. Ya cinye, ya ce gishirinki ya fi nawa daidai. Ban ji haushi ba.

Sai taransifomar unguwarmu ta ƙone, kuma har yau ba a gyara ba.

Tun daga nan kullum da safe nake ɗora batirin a keke in kai wa Malam Isa ya yi mini caji, in dawo da shi da rana. Batirin ya tsufa, ba ya riƙe wuta. Ba zai iya ɗaukar fanka da fitila tare ba. Zafin nan na kafin damina ya sauko, ɗakin ya koma kamar tanderu. In na kunna wa Baba fanka sai ya ce in kashe in ba shukar. In na ƙi, sai ya ƙi shan magani. Haka nake zama ina yi masa fifita da kwali, zufa tana jiƙa masa katifa, bayansa ya fara tsagewa, fitila tana ci a kan ganye.

Duk da haka ba su tsira ba. Wasu fararen ƙwari ƙanana suka mamaye alayyafon. Na wanke da ruwan sabulu, suka dawo. Na fitar da na'a-na'a ƙofar gida ta sha rana, kafin in juyo akuyar wani ta cinye har saiwa. Ɗoɗɗoyar da ke gwangwanaye ta yi rawaya ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ta mutu sai Baba ya rage magana. Yanzu saura guda, wadda ke cikin robar fenti. Irin da ke ƙullin zanenki kuma ya ƙare, duka na shuka. Ta bayan madafa a gida ta daɗe da bushewa, babu mai ba ta ruwa.

Makon da ya wuce ta fitar da kan fure. Na yi murna na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "In ta yi iri ki tara, ki ƙulle kamar yadda uwarki ta yi. Ni kuma daga nan na gama."

Mama, kin san mijinki. Ba ya faɗin abin da ba ya nufi. Tun ranar ya rage ci. Ya fara faɗa mini wanda za a bar wa gonar, da waƙar da yake so a rera masa, da cewa kusa da ke za a sa shi. Yana faɗa hankali kwance, kamar mai shirin tafiya kasuwa.

Ke ce kika koya mini cewa in aka tsinke wa ɗoɗɗoya fure ba za ta yi iri ba, sai ta ci gaba da ganye. To, abin da na riƙa yi ke nan. Da ya ɗan gyangyaɗa bayan la'asar sai in lallaɓa in tsinke, in jefa a murhu. Na sani sarai in shukar nan ta mutu ba ta yi iri ba, ɗoɗɗoyarki ta ƙare ke nan a duniya, kuma ga batir yana ta mutuwa a hannuna. Amma in ta yi, shi zai tafi. Wanne zan zaɓa? Ina kan keken ɗinki ina tunanin nan har na ɗinke hannun riga a baibai.

Shekaranjiya ina ba shi ruwa ya kama hannuna ya kai hanci, ya ji ƙamshin ɗoɗɗoya. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Cewa ya yi, "Rifkatu, ba ki da ikon hana ta. Ni ma ba ki da iko."

Na durƙusa a gaban gadon na yi kukan da ban yi ba ko a ranar da aka sa ki a ƙasa. Na ce masa ni ban iya ba. Na ce ya tuna shukar farko a hannuna ta mutu. Na ce in ya bar mini iri ya tafi, kashe irin zan yi, ba don mugunta ba, don ban san nisan fitila ba, ban san yawan ruwa ba, ban san komai ba. Na faɗi duk abin da ya zo bakina. Ya bar ni na gama. Can ya ce, "To. Zan tsaya in ga sun tsiro."

Iyakar abin da na samu ke nan. Ba alkawarin shekara ba ne, ba ma na damina ba. Tsirowar ɗoɗɗoya ba ta ɗaukar lokaci, ke kin sani.

Na daina tsinkewa. Furen ya buɗe, fari, ƙanana. Yau da safe ya ce babu ƙudan zuma a ɗakin nan, babu iska, in ba a taimaka mata ba furen zai zube a banza. Ya sa na nemo masa gashin kaza. Na ɗauki robar na riƙe a saitin ƙirjinsa, shi kuma yana shafa furen ɗaya bayan ɗaya da hannun hagu, a hankali, harshensa a tsakanin haƙora. Robar ta karkace har ƙasa tana zuba masa a zane. Ya ce in riƙe da kyau. Na riƙe, Mama. Da hannuna na riƙe masa.

Na san Fasto zai ce Allah ake roƙo, ba waɗanda suka riga mu ba. Gaskiya ne. Amma ke uwata ce, ba zan ji kunyarki ba. In kin zo masa a mafarki, kada ki kira shi. Ki ce masa 'yarki ba ta gama koyo ba. Ki yi masa faɗa ya ci abinci, ke kaɗai yake ji.

Ya Ubangiji, kai ne ka halicci haske tun kafin ka halicci rana. Ka san ɗakin nan, ka san wanda ke kwance a cikinsa. Ka ba da irin nan, kada ya ɓace. Ka ba Baba ƙarfin ganin tsirowarsa, in ya gani ka sa ya so ganin ganyensa, in ya ga ganye ka sa ya so ɗanɗanawa. Ka ja mini kwanakinsa kaɗan-kaɗan, ba na roƙon da yawa a lokaci ɗaya. In kuma nufinka dabam ne, ka riƙe ni, don ni kaɗai ba zan iya tsayawa ba. Cikin sunan Yesu. Amin.

Ki huta lafiya, Mamana. Zan tsaya a nan, lokacin ba shi kunu ya yi.

'Yarki da ke kewarki,
Rifkatu