Inda Keken Baba Zai Juya

Litinin, 3 ga Maris
An kawo wa Baba keken guragu. Yana shiga ɗaki, amma ba ya juyawa. Tsakanin gado da kabad ɗin marigayiya Umma, ko ni sai na karkace nake wucewa. Da baya nake jan shi zuwa ƙofa, in banɗaki ne kuma in ciccibe shi. Bayana kamar an daka.

Alhamis, 6 ga Maris
Ma'aikaciyar asibiti mai motsa masa ƙafafu ta zo. Ta ce hannayensa da ƙarfi, zai iya tuƙa kansa, sarari kawai ya rasa. Ta kalli kabad. Na yi kamar ban gani ba.

Sarari. Tun da Baba ya kwanta kalmar nan take bina. Yaya kullum, "In na samu sarari zan leƙo." A wurin aiki an ce an ba ni sarari, wato in makara da safe in biya da yamma. Kowa faɗa yake, ban ga wanda ya riƙe shi a hannu ba.

Asabar, 8 ga Maris
Na gaji. Shi ke nan.

Lahadi, 9 ga Maris
Baba ya ce, "Uwata, a fitar da katakon nan mana." Katako wai! Kofunan Umma na ciki a jere yadda ta bar su. Na ɗaga masa murya, Allah ya yafe min. Sai ya ce, "Ita ta huta. Ni ne nake nan."

Laraba, 12 ga Maris
Ƙafata ta zame ina ɗauke da shi, muka zube tare. Bai ji ciwo ba. Haƙuri ya dinga ba ni, shi da aka kayar. Wannan ya fi ci min rai.

Talata, 18 ga Maris
Yaya ya zo da maƙwabci, sun kai kabad ɗin falo. Na gaya musu na ɗan lokaci ne, kafin bayana ya warke. Bangon wurin fentinsa sabo fil, ban so na kalla ba.

Ina shara na ji ƙarar taya. Baba ne, ya juya da kansa, har da cije leɓe. Na miƙa hannu zan kama keken, ya ce, "Matsa, Uwata, kin tare min hanya."

Na matsa.