Waƙar Wilmar a Bayan Faifai

Talata, 4 ga Mayu, 1971
Faifanmu ya fito! Na riƙe shi a hannuna yau. Waƙata, "Taso Mu Taka, Mirta", tana gaba. Ta Wilmar, mai kaɗa mana babbar jita, tana baya. "Farar Riga" ya sa mata suna. Mama ta ɗora nata a kan kabad kusa da hoton aurenta, ta ce wanda ya taɓa sai ta karya masa hannu.

Wilmar sai jujjuya nasa yake. A hanyar gida ya faɗa mini kawunsa ya samo masa aiki a gareji a Buenos Aires, can ƙetaren ruwa, kuma babansa ya ba shi zuwa ƙarshen Yuni: in ya ji waƙar ɗansa a rediyo da kunnensa, ya yarda kiɗa sana'a ne. In bai ji ba, a shiga jirgin ruwa. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa.

Alhamis, 6 ga Mayu
Manajanmu, wanda muke kira Don Atilio, ya zo shagon gilashinmu da faifai talatin, na rabawa gidajen rediyo. Ya ce, "Yarona, masu rediyo ragwaye ne. Ka ba su waƙa biyu, wannan ya sa gaba, wancan ya sa baya, ku tashi ba ko ɗaya. Haka kowa ke yi, a karce bayan, dole su sa gaban."

Na ce Wilmar fa? Ya ce in ta gaba ta tashi, ai kowa ya tashi.

Ƙusa ya kawo. Ni da iyayina na ce ƙusa aikin ƙazanta ne, na ɗauko abin yankan gilashin Baba. Layi ɗaya ɗoɗar daga tsakiya zuwa baki, sau talatin. Har yaba mini ya yi.

Ban so rubuta wannan ba, amma ga shi na rubuta.

Asabar, 15 ga Mayu
An sa "Mirta" sau biyu a makon nan. Sau biyun ma mai shirin surutu yake a kanta.

Lahadi, 23 ga Mayu
Wasan yamma a kulob ɗin Cerro, unguwar ma'aikatan kamfanin nama. Mun yi tawa, an taka, an yi tafin da aka saba. Da muka shiga "Farar Riga" sai zauren ya yi tsit. Wani ƙaton mutum kusa da ƙofa ya cire hularsa.

Sau nawa na rera waƙar nan a wajen gwaji? Ya fi hamsin. Ashe ban taɓa saurarenta ba, hankalina yana kan inda zan ja numfashi. Ba ta da amshi, ba ta da wani ado. Jitar tana tafiya ne sannu-sannu kamar mai hawan tudu da kaya. Kuma ko sau ɗaya bai ce an rufe kamfanin nama ba, bai ce babansa ya rasa aiki ba. Rigar aikin baban ce kawai rataye a bayan ƙofa, uwarsa tana wanke ta kowace Litinin tana gogewa. Shi ke nan. Rabin mutanen zauren suna da irin rigar a gida.

Ni kuma na haɗa "Mirta" da "rawa" da "wata", ina ta hura hanci. Kunya ta ishe ni.

Dogo mai ganguna ya ce, "Heber, yau dai ɗan baya ya wuce ɗan gaba." Na yi dariya tare da su.

Laraba, 2 ga Yuni
Wilmar yana zama da babansa gaban rediyo kullum bayan cin abincin rana. Ya ce tsohon ba ya magana, sai dai in waƙa ta ƙare ya dube shi.

Juma'a, 4 ga Yuni
Asirina ya tonu.

Wilmar ya je gidan rediyo da ƙafarsa ya roƙa a juya faifan. Mai shirin ya ciro shi ya nuna masa. Daga can shagonmu ya yo, ina tsakiyar yanka gilashin taga. Ya ajiye faifan a kan teburin.

Na ce aikin Don Atilio ne. Ya ce, "Don Atilio da ko shayi ba ya iya kaiwa baki bai zubar ba? Dubi layin nan, ɗan'uwa. Mutum ɗaya na sani mai hannu haka."

Bai ɗaga murya ba. Da ma ya zage ni. Ya tambaya, "Guda nawa?" Na ce duka. Ya gyaɗa kai, ya gaida Baba da ladabi, ya fita.

Litinin, 7 ga Yuni
Na sace faifan Mama na kai gidan rediyon. Mai shirin ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ku da kanku kun yanka ta, yanzu ni zan tashe ta?" Na tsaya kamar gunki, sai haƙuri nake bayarwa. Ya ce zai duba.

Mama ba ta yi mini magana ba har yanzu.

Alhamis, 10 ga Yuni
Bai sa ba.

Asabar, 12 ga Yuni
Gwaji a garejin su Dogo. Wilmar ya zo, ya kaɗa komai daidai, ba kuskure ko ɗaya. Ni ke zuba mate, shayin ganyen da muke zagayawa da shi a ƙoƙo ɗaya. Na miƙa masa ƙoƙon, ya zuƙa sau ɗaya ya maido mini, ya ce, "Na gode." A zagayen farko! Wa ke godiya tun bai ƙoshi ba? A wajenmu wanda ya yi godiya ya fita daga zagayen ke nan. Shekara tara muna shan ƙoƙo ɗaya, shi ne kullum na ƙarshen ajiyewa. Dogo ya sunkuyar da kai. Haka na ci gaba da zagayawa ina tsallake shi.

Laraba, 16 ga Yuni
An sa ta! Ƙarfe biyu da kwata, daga farko har ƙarshe, ba wanda ya yi magana a kanta. Na bar shago a buɗe na ruga gidan su Wilmar.

Uwarsa ce ta buɗe. Ta ce sun ji. Ta ce tsohon ya tashi ya shige ɗaki ya rufe ƙofa, da ya fito ya ce wa Wilmar ya zauna, ba sai ya tafi ba.

Wilmar ya fito bakin ƙofa. Na ce, "To ka ga, komai ya gyaru." Ya ce, "Baba ya ce in zauna. Amma in zauna in rubuta wa wa, Heber? Bakinka ne zai rera."

Na juya na koma shago.

Lahadi, 27 ga Yuni
Wilmar ya tafi. Na je tashar jirgin, na tsaya nesa. Ban san ko ya gan ni ba.

Lahadi, 4 ga Yuli
A wasan yau sau uku suka nemi "Farar Riga". Sabon mai jitar ya iya, babu laifi, sai dai yana sauri. Na faɗi sunan Wilmar Techera kafin in fara. Wata mata ta tambaye ni ina yake, na ce ya yi tafiya.

Alhamis, 15 ga Yuli
Sanyi. Gilashi biyu sun fashe a hannuna, Baba ya ce in je in zauna.

Don Atilio ya zo yana washe baki, wai kamfani na son sabon faifai, irin ta bayan nan suke so. Ya ce in kawo waƙa biyu kafin ƙarshen wata. Na ce masa ba ni da ko ɗaya.

Akwai waƙoƙina bakwai a aljihun teburina, duk irin "Mirta". Na karanta su bayan ya tafi, na mayar.