Wurare Goma Sha Biyu da Baba Ya Tsallake

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a zaman da kuke yi a can. Mu nan kowa lafiya. Ƙafar Goggo ta warke, har ta koma faɗa da mai gyaran famfo. Kawu kuma ya sayar da motar nan tasa da ba ta tashi sai an tura.

Na rubuto ne maimakon in kira saboda maganar Baba ce, kuma ina so ta iso miki a jere. Kin san aikin sa-kai da na sa shi ciki bayan ya ajiye koyarwa. Muna ɗaukar tsofaffin littattafan adabi waɗanda haƙƙin mallakarsu ya ƙare, mu buga su a kwamfuta, mu haɗa da ma'anar kalmomi da tambayoyin nazari, mu sa a intanet kyauta. Kowa na iya kwafa ya raba ba tare da neman izini ba. Ƙa'idar aikin guda ce: abin da ke shafin, shi za ka buga. Baba ya karɓi labarin wani falke, ya yi wata biyar a teburin falo yana bugawa da yatsa biyu, shayi na hucewa a gefensa. Ni aka ba duba aikinsa. Na karanta abin da ya buga, na ga ya tafi daidai, ban ɗora shi kan littafin asali ba. Da a ofishin jaridarmu wani ya yi haka, da na yi masa faɗa.

Makon jiya wata malamar sakandare ta rubuto wa ma'aikaciyar laburaren da ke jagorantar aikin. Ta buga wa ɗalibanta kwafi sittin, sai wata ɗaliba ta zo da tsohon bugu na kakanta, aka ga nata ya fi tsawo. Na zauna na gwada shafi da shafi. Wurare goma sha biyu Baba ya tsallake, wani layi uku, wani shafi guda, ya kuma haɗe maganar yadda ba za a gane ba. Da na tambaye shi bai musa ba. Ya ce shekara talatin da biyar ya yi a aji, ya san abin da ya dace yaro ya karanta, kuma inda ɗa ke ɗaga wa ubansa murya ba darasi ba ne. Goggo ta leƙo daga kicin ta ce marubucin ya fi shekara ɗari a kabari, amma bai tsira daga jan biron yayanta ba. Baba bai yi dariya ba.

Ma'aikaciyar laburaren ba ta ɗauki zafi ba, amma ta ce an riga an sauke littafin sau ɗari huɗu, kuma ba mu da hanyar bin waɗannan kwafin mu gyara. Sharaɗinta shi ne Baba ya mayar da komai kafin Asabar, a sa sanarwar gyara, in ba haka ba a cire shi daga aikin. Ke ma kin san in aka cire shi, zama zai yi a ɗaki yana kallon bango.

Kwana biyu bai taɓa kwamfutar ba. A na uku ya mayar da goma sha ɗaya, yana yi yana tsaki. Na ƙarshen ya bari. Na duba, babu zagi a ciki, babu rashin kunya. Falken ne ya dawo gida bayan an binne matarsa, yana ninke kayanta yana rasa inda zai ajiye. Baba ya ce wannan kam ba don yara ya cire shi ba. Ya iso wurin ne bai fi wata guda da rasuwar Inna ba, ya buga layi biyu, ya goge. Na ce bari in buga masa, babu wanda zai sani. Ya ce wanda ya cire, shi ne zai mayar, ni dai in karanta masa a hankali. Layi goma sha tara ne, mun yi awa ɗaya da minti arba'in. Na gwada da littafin sau biyu, ko harafi bai ɓata ba. An bar shi a aikin, kuma jiya ya karɓi sabon littafi, ya ce min wannan karon in yi aikina yadda ya kamata.

Roƙona gare ki, in kin kira shi, kada ki yi masa jaje, kada ki yaba masa. Ki tambaye shi kawai wane littafi ya karɓa.

Goggo da Kawu suna gaishe ki. Ki gaida maigidanki, ki shafa min kan yara.

Ƙaninki.