Ƙullutu a nonona, likitoci mata kuma sai Oktoba

Assalamu alaikum Hajja Atine. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kada ki sa takardata a ƙasan sauran. Ban taɓa kai kukana jarida ba, in kin ga magana ta hau kan magana ki yi mini uzuri.

Ni matar aure ce a nan Gadarif, shekaruna talatin da bakwai, 'ya'yana huɗu. Kisra nake yi, wainar dawa mai faɗi marar kauri, ina kai wa masu abinci a kasuwa. Maigidana manomi ne, dawa da riɗi yake nomawa a wajen Doka, kuma in damina ta kankama ba ma ganinsa sai jefi-jefi.

Kin san yadda markaz ɗin unguwa yake, ƙaramin asibitin nan namu. Kowace cuta da ranarta. A Maris mota ta zagaya da lasifika, wai ranar tarin fuka ce. A Afrilu ta zazzaɓin cizon sauro, a raba gidan sauro mu yi ta turereniya. Sai ranakun ɗigon shan inna da ake bi gida-gida ana shafa wa yara tawada a yatsa. A Disamba kuwa akwai ranar cutar nan da ba a son ambata, ranar ko mai ciwon haƙori ba ya bi ta ƙofar markaz don kada a gan shi. Ranar cuta ana sakin fuska, a auna ki kyauta, a yi miki bayani dalla-dalla. Washegari a naɗe ƙyallen da aka rataya, shi ke nan sai baɗi. Har tsiya muke yi wa juna a wurin shan jabana, gahawar nan tamu, cewa in za ki kwanta ciwo ki fara duba kalanda.

A Oktoban bara aka ce watan ciwon nono ne. Likitoci mata biyu suka zo daga Madani, aka rufe ɗaki da labule, ko ɗan aike namiji bai leƙo ba. Suka koya mana yadda mace za ta riƙa duba kanta. Aka duba ni aka ce lafiya lau, na dawo gida ina ta kwaikwayon yadda likitar ke ɗaga hannu muna dariya.

Bayan girbi, ina wanka, na ji wani abu kamar ƙwayar wake a nonona na hagu, ta wajen hammata. Ba zafi, ba ƙaiƙayi. Na ce zai baje. Hajja, bai baje ba. Yanzu ya kai goro, fatar wurin ta ɗan lotsa, kan nonon kuma ya soma shigewa ciki. Duk abin da likitar nan ta ce mu kula da shi, ga shi a jikina ɗaya bayan ɗaya.

Za ki ce me ya hana ni zuwa markaz. Wanda ke duba marasa lafiya a can duk shekara namiji ne, hakim ɗin unguwa, kuma aminin maigidana ne. Sahu ɗaya suke sallah, ya ci naman sunan 'ya'yana duka, matarsa kuma tare muke shan jabana. Ta yaya zan yaye taub ɗina, mayafin da nake lulluɓa da shi, a gabansa? Kafin ma a kai gare shi akwai tagar rajista, inda mai rubuta suna yake tambayar abin da ke damun mutum da murya kamar ta mai gwanjon riɗi, jama'a na tsaye a bayanki. Wata maƙwabciyarmu ta faɗi nata a tagar nan, wallahi kafin ta iso gida labarin ya riga ta.

Mutum ɗaya na gaya wa, yayar maigidana. Zan kira ta Fatu, ba sunanta ba ne. Da ta taɓa wurin sai ta yi salati, ta ce in ciwon daji ne kada in yarda ƙarfe ya taɓa shi, don daji ba ya son allura, ana tsira masa sai ya farka ya bazu. Ta tuna mini da gwaggona da ta rasu a Hawata, wadda aka yanke wa nono ba ta yi shekara ba. Ni na yi jinyarta, kuma har yau warin ɗakin nan bai bar hancina ba. Fatu ta haɗa mini garin hulba da man riɗi ina shafawa. Ta ce in haƙura zuwa Oktoba, matan Madani za su dawo, su ne aka ware wa wannan ciwo, in ba watansa ba ko na je ba mai saurarona. Ni ma abin da zuciyata take so ta ji ke nan, sai na riƙe shi da hannu biyu.

To ga shi mun shiga Yuni, hadari ya fara haɗuwa, maigida yana ta haɗa iri zai tafi shuka. Ban gaya masa ba. Kullum da dabarar da nake yi don kada ya lura, har ya soma zaton fushi nake da shi. In ya tafi, hanyar gona ta zama laka, ban san ranar dawowarsa ba. In na faɗa masa ina tsoron ya fasa shuka saboda ni, abincin shekara kuwa a can yake. Ina kuma tsoron ya kama hannuna ya kai ni gaban amininsa.

Tsoro nake ji, Hajja, tsoro mai hana cin abinci. Jiya ina yi wa autata Iman kitso, tana ta surutu, sai na ji ina tambayar kaina wa zai yi mata na sallar baɗi. Da ta ga hawayena na ce mata hayaƙin murhu ne ya shiga idona. Ki gaya mini gaskiya, in jira Oktoba? Wata huɗu ne kacal. Ko kuwa na riga na makara?

'Yar'uwarki mai kisra, Gadarif.

Wa alaikis salam, 'yata.

Kin tambaye ni gaskiya, ga ta: kada ki jira Oktoba. Kada ma ki jira ƙarshen makon nan. Ni ba likita ba ce, ba zan iya ce miki daji ne ko ba daji ba, kuma ƙullutu da yawa a nono ba mugun abu ba ne. Amma wanda yake girma, ya lotsa fata, ya ja kan nono ciki, ba a zaunar da shi ana shafa masa hulba.

Ranakun nan da ake zagayawa da lasifika na tunatarwa ne. An yi su don a koya miki abin da za ki lura da shi, kuma sun yi aikinsu, tunda da su kika gane abin da ke jikinki. Ciwon dai ba ya duba kalanda, asibiti ma ba a watan Oktoba kaɗai take aiki ba. Laifin bai tsaya a kanki ba, masu naɗe ƙyalle su tafi ba su faɗa wa mata ƙofar da za su buga sauran watanni ba su ma da nasu.

Kunyarki ba wauta ba ce, kuma akwai hanyar da za ki bi ba tare da kin zubar da ita ba. A tagar rajista ba dole ba ne ki faɗi ciwonki. Ki ce maganar mata ce, wurin daya za ki, wato ungozomar da ke awon ciki. Mace ce, tana nan duk shekara, ita za ta duba ki ta tura ki gaba. In markaz ɗin ya yi miki kusa da idon sani, ki hau raksha mai ƙafa uku ki tafi babban asibiti, ki nemi likita mace. In kuma aka ce sai namiji, ki shiga da 'yar rakiya ki bari ya duba. Ki tambayi duk malamin da kika yarda da shi, zai gaya miki addini bai hana neman magani a halin lalura ba.

Fatu tana ƙaunarki, kada ki yi faɗa da ita, amma a nan ta yi kuskure. Allurar da ake ɗiban ɗan nama da ita don a auna ba ta tayar da daji. Mata irin gwaggonki sukan isa asibiti ne bayan ciwon ya gama cin jiki, in suka rasu sai a ɗora wa wuƙar likita. Jiran ne ya cuce su. Ki ja Fatu ta raka ki ta ji da kunnenta.

Maigidanki kuwa ki gaya masa yau, kafin ya ɗora buhun iri a mota. Damuwarki da shuka tana da hujja, amma yana da 'yan'uwa da abokan noma da za su riƙe masa gona na ɗan lokaci. Ba shi da wadda za ta riƙe masa ke. Ki faɗa masa har da cewa ba kya son amininsa ya duba ki, magidanci mai hankali zai gane. In ya ji daga baya a bakin wani, wannan ne zai fi yi masa ciwo.

Kin tambaya ko kin makara. Ban sani ba, likita kaɗai zai faɗa, amma na san yau ta fi Oktoba. Kuma tunda kin buɗe mini cikinki, bari in buɗe miki nawa. Ni da nake ba ki amsar nan nono ɗaya gare ni. An cire ɗayan a Madani ina kuka kamar raina zai fita, kuma bayan haka na aurar da 'ya'ya biyu, na goya jikoki uku. Ki tashi ki je, 'yata. Allah ya sa abin ya zo da sauƙi, ya ba ki lafiya, ya bar ki da 'ya'yanki.

Hajja Atine