Injin Ban Ruwa na Gonar Fakku

Kebbe, ranar Litinin

Zuwa ga Yaya Mu'minatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya da maigida da yara. Yaya ciwon gwiwar? Mu nan sai godiya.

Yaya, magana ce a kan ɗanki. Kin san tun da aka haifa mini shi ban taɓa kiran sunansa ba, kuma ba mu zama tabarma ɗaya, don haka muka tarar ana yi da ɗan fari a gidanmu. Shi ya sa da ya samu kwaleji na ajiye shi wurinki a Tambuwal.

Ɗan'iya mai babur ya ce yana yawan ganinsa shagon gyaran injin ban ruwa, a lokacin da ya kamata yana aji. Na yi ta gwada yadda zan tambaye shi ko yana zuwa makaranta. Kowace hanya na ɗauko sai in ji ta kamar tuhuma. Ni da ban wuce sakandare ba, wataƙila ban san yadda karatunsu yake ba. Tsorona in tambaya ya ji kunya ya daina zuwa gida gaba ɗaya. Don Allah ki taimake ni.

Ƙanenki,
Mannir

Kebbe, bayan Juma'a

Zuwa ga Yaya Mu'minatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya. Na iso gida lafiya daga wurinku, hanya dai kin san ta.

Ban yi miki godiya yadda ya kamata ba, don bakina ya yi nauyi. Da kika zaunar da ni cikin ɗaki kika saki labule, na zaci za ki kira ɗanki ki titsiye shi. Sai na ji kin ba shi fura a tsakar gida, kin yi masa ba'a a kan baƙin man da ke farcensa. Kika tambaye shi abin da yake koyo kwanakin nan, da wanda yake koya masa. Ko sunan makaranta ba ki ambata ba.

Da kansa ya kawo zancen. Ya ce ya faɗi jarrabawa, an ce ya maimaita shekara, yana zuwa aji da safe, sauran yini yana shago. Ya ce abin da ya hana shi faɗa shi ne kada a tambaye ni a wurin aiki in rasa amsa. Ashe kunyata yake tarewa, ni kuma ina tare tasa. Na lura ya ga takalmana a bakin ƙofa, kuma bai rage murya ba.

Allah ya saka miki da alheri, Yaya. Ni da na yi tambayar da na ɓata ta.

Ɗan'iya zai kawo injina na gonar Fakku, wanda ya daina jan ruwa tun bara. Akwai mai gyara nan Kebbe, amma ki ce wa ɗanki in ya gyara, shi zai kawo shi da kansa ya haɗa mini.

Ki gaida maigida da yara.

Ƙanenki mai godiya,
Mannir