Ranar da Inna Ta Ce Ɗan Dijatu Ne

Amurka, cikin Rajab

Zuwa ga ƙanwata Rahama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Bashar da yara da mutanen Arkilla duka. Ki gaida Inna. Ki gaida Goggo Dijatu, ki ce mata ɗan da ta goya yana kewar tuwonta.

To albishirinki. An ba Inna ranar ganawa a ofishin jakadanci da ke Abuja, cikin Sha'aban. In ta samu biza za ta iso kafin Zainabu ta sauka, don likita ta ce sai bayan ƙaramar Salla. Kin san halin da muke ciki. Haihuwar fari ce, Zainabu ba ta da uwa a raye, kuma nan ba wanda zai shigo maka gida ya ɗora ruwan wanka. Kullum tambayarta ɗaya: "Inna za ta zo dai ko?"

Yanzu aiki ya koma hannunki, malamar makaranta. Ki zaunar da ita ku yi ta bita kamar hadda. Za su tambaye ta wurin wa za ta, ina za ta sauka, yaushe za ta dawo. Ta faɗi gaskiya kawai, abin da ke takarda shi ne a bakinta. Na rubuta cewa ita ce mahaifiyata, ni injiniya ne, a kamfanin siminti na Kalambaina na yi aiki kafin in taho.

Batun tsaraba kuma, don Allah ban da kilishi da duk wani nama, ƙwacewa za a yi a filin jirgi. Yaji da kanwa da kuka ba laifi. Kada ki bari ta kwashe kasuwa gaba ɗaya.

Jiya na kira don in gaya mata da bakina. Tana jin muryata na ji ta ce, "Dijatu, amshi, naki na." Kin san Inna da kunyar ɗan fari. Na yi dariya na gaya wa Goggo, ita ta isar.

Allah ya sada mu da alheri.
Yayanki, Siddiƙu


Arkilla, Sakkwato, ƙarshen Sha'aban

Yaya Siddiƙu,

Wa alaikumus salam. Muna lahiya, kowa yana gaishe ka. Na ga kiranka ya fi a ƙirga, na kasa ɗauka. Gara in rubuta, don in na ji muryarka kuka zan yi.

Yaya, an hana ta bizar.

Wallahi mun yi bita. Adireshinka ma ta haddace shi da Turanci, har Bashar yana tsokanarta wai ta fi shi. Tambaya guda ce ban yi mata ba, kuma ita ce ta farko a wasiƙarka. Duk sanda na buɗe baki in ce "Inna, wa za ki gani?" sai in ji nauyi, in tsallake. Na ce a raina ai in an je can dole ta faɗa.

Saboda ciwon gwiwarta anka bar ni na raka ta ciki, na zauna a benci bayanta. Wurin ba ɗaki ba ne, Yaya, taga ce ta gilashi da lasifika, mutane cike suna jin komai. Baturen na ciki, ga wata mata Bakanuwa tana fassara. Matar ta ce, "Hajiya, wurin wa za ki?" Inna ta ce, "Wurin yaron gidanmu." Aka ce mene ne sunansa. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Matar nan, Allah ya saka mata, ta sassauta murya ta ce, "Hajiya, faɗi kawai, ba komai." Inna ta ƙara jan mayafin. Baturen ya duba takarda ya ce a tambaye ta, wanda ya gayyace ta ɗanta ne?

Sai na ji Inna ta ce, "Ɗan Dijatu na."

Matar ta dubi Inna, ta dube ni, ba yadda za ta yi, ta fassara. Na miƙe ina cewa al'ada ce, goggonmu ce ta yi riƙonka tun yaye, mai gadi ya ce in zauna. Baturen bai yi faɗa ba. Ya ce abin da ta faɗa ya saɓa wa abin da ke rubuce, ya turo mata fasfonta ta ƙarƙashin gilashi.

Daga Abuja har Sakkwato ko ruwa ba ta sha ba. Laifina ne, ni anka ba aiki. Ka ba Zainabu haƙuri, ni dai ban san da wane ido zan dube ta ba.

Ƙanwarka, Rahama


Amurka

Rahama,

Salamu alaikum. Na ga saƙonki.

Ba laifinki ba ne, ki daina. Amma bari in faɗi abin da ke raina, tunda ke kaɗai nake iya gaya wa. Zainabu ta wuni tana kuka. Lauyan da ya taimake ni da takardu ya tambaye ni, cikin ladabi, ko da gaske matar nan ita ta haife ni. Ni da gemuna na zauna ina yi wa baƙo bayanin cewa uwata ta gwammace ta ba da ni ga wata da ta kira sunana. Ya ce abin sha'awa ne. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Tun ina yaro nake shanye wannan abu. Ranar saukar karatuna tana ƙuryar ɗaki. Ranar ɗaurin aurena ta tafi unguwa. Ranar da zan bar ƙasa kowa ya rako ni ƙofar gida, ita ta aiko ki da dambun nama. Ban taɓa cewa komai ba, na ce haka aka gada. To amma ranar da nake buƙatarta, kalma guda, kalma guda tak, Rahama! Ke tana kiranki Rahama safe da yamma. Ni ne "wancan", ni ne "na Dijatu". To an ji, an kuma rubuta.

Lauya ya ce ana iya sake nema, a haɗa da takardar haihuwata da bayani, amma sai an sake tsayar da ita a tagar nan. Ban ga amfanin wahalar da ita ba. A bar shi kawai. Za mu yi jegonmu mu biyu.

Kada ki karanta mata wannan.
Siddiƙu


Gidan Inna, Ƙofar Taramniya, cikin azumi

Yaya,

Assalamu alaikum, ya ibada? Allah ya karɓa mana.

Ka ce kada in karanta mata. Na sake yi maka laifi. Ina ɗakinta saƙon ya shigo, ta ga fuskata ta canza, ta ce, "Na can na? Karanta, kuma kada ki tsallake, na san muryarki in kina tsallake." Na karanta har ƙarshe. Ba ta yi kuka ba. Da na zo wurin dambun nama ne kawai ta ce, "Ni nid daka shi da hannuna."

Bari ka ji abin da ba ka sani ba. Kafin mu tahi Abuja matan unguwa sun yi ta zuwa sallama, wannan da turare, wannan da zanen goyo. Da munka dawo ta kulle kanta, tana tsoron dariya. Ashe ba dariya ke jiranta ba. Labari ya bazu, sai ga su ƙungiya ƙungiya suna yi mata barka. Hajiya Maimunat ta maƙwabta har da guɗa: "Wagga ita ta ɗiyar malamai! Gaban Bature ma ba ta zubar da kunya ba!" Ana ta sa mata albarka, ana cewa 'yan matan yanzu su zo su gani.

Yaya, da zagi sunka yi da ya fi mata sauƙi. Suna fita ta ce mini, "Kin ji? Ana yaba mini don na yi musun ɗana." Ka lura da abin da ta ce. Ban taɓa jin kalmar nan a bakinta game da kai ba.

Ta aika anka kira Baffa Ladan, malamin unguwarmu, ta tambaye shi daga bayan labule ko abin da ta faɗa a tagar nan ƙarya ne. Baffa ya yi ta kewaye-kewaye, ya ce al'ada ce, Allah ya san zuciya. Ta ce ba wannan ta tambaya ba. Ya ce to, gaskiya dai ba haka zancen yake ba. Tun ranar take ƙara azumin nafila a lissafinta na bayan Salla, kuma ba ta zuwa tafsiri, wai ba ta son a nuna ta.

Jakar tsarabar tana nan bakin gado, ba ta kwance ba. Goggo Dijatu ta ce a kwance kada kuka ta lalace, Inna ta ce a bar mata kayanta.

Ban ce ka yi haƙuri ba, kana da gaskiyarka. Na dai gaya maka abin da idona ya gani.

Taka, Rahama


Amurka, bayan Salla

Rahama ƙanwata,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, kin riga kin ji ta waya: Zainabu ta sauka lafiya, mace. Wata 'yar Nijar da muke masallaci ɗaya da mijinta tana zuwa tana taimaka mata da wanka. Ba kamar gida ba, amma an gode Allah. Ga abin da ban iya faɗa miki a waya ba.

Tun cikin yana ƙarami muka shirya in mace ce sunan Inna za a sa. Ko da nake fushi ban canza ba. To a nan ba a jiran kwana bakwai, kafin a sallame ku daga asibiti ake rubuta suna. Ma'aikaciyar ta shigo da takarda, ga likita, ga wasu mata biyu, ta ce mene ne sunan jaririya. Na buɗe baki.

Rahama, ya ƙi fita. Sunan Inna, gatsau, a gaban mutane, kamar ina kiran wata sa'ata? Matar ta sake tambaya. Na ce ta ba ni biro, na rubuta mata. Ta yi ƙoƙarin karantawa ta kasa, ta ce in faɗa mata yadda ake furtawa. Na ce matata za ta faɗa. Zainabu, da ɗinki a jikinta, ta yi dariya har ta yi hawaye. Ummi muke ce mata.

Ni da ba taron jama'a, ba lasifika, ba wanda ya san ni, na kasa. Ni ne na zauna na rubuta "kalma guda tak". Tun ranar in na tuna wasiƙar nan sai in ji kamar in wanke ta da ruwa. Ban san yadda ake ba Inna haƙuri ba, tunda ba ta amsa wayata. Ki karanta mata wannan, kada ki tsallake. Ki ce na tuba. In ba ta son komawa tagar nan, wallahi ba komai, mu za mu kawo mata Ummi in takarduna sun ba ni damar fita.

Yayanki mai jin kunya,
Siddiƙu


Ƙofar Taramniya

Yaya, ga hoton takardar da Inna ta rubuta da ajami. Ta hana ni dubawa, ta tsaya a kaina har na tura. Rahama.

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Gaisuwa da fatan alheri zuwa ga maigidan Zainabu. Ina yi ma Zainabu barka da arziki. Allah shi raya abin da anka samu, shi sa mai albarka ta.

Na ji saƙo. Babu tuba tsakaninmu, ni ka da laihi. Yarinya ta yi jego hannun baƙi ina raye, wanga abu shina ci mini rai.

A sake neman ranar. Na ce ma Bashar shi kai ni, kuma matan unguwa su hwaɗi abin da sunka ga dama. Kukar ta lalace, na sayi wata.

Abin da za su tambaya, ina gwadawa in na idar da salla, ba kowa ɗakin. Har yau bai hita da ƙarhi ba. Shi ya sa zan rubuta shi nan, hannu shi fara sabawa kahin baki.

Siddiƙu. Ɗana na, ni nih haihe shi.

Kada ka nuna ma Dijatu.

Wassalam.
Halimatussa'adiyya